Lamba Gagara-Rabo: Waiwaye Kan Farautar Shekara Dubu Biyu

A ranar 21 ga Oktoba, 2024, aka yi shelar cewa an gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320, wadda babu lambar da ke raba ta daidai ba saura, in ban da 1 da ita kanta. Ta fara da 881, ta ƙare da 551. Wanda ya ce zai karanto ta da baki, alƙalami ɗaya kowane sakan, ba barci ba cin abinci, sai ya shafe kwana 474 da ɗoriya kafin ya kai ƙarshenta.

Girman ba shi ne abin mamaki ba, domin ko ɗan firamare zai iya rubuta 1 ya yi ta jera masa sifili har hannunsa ya gaji. Abin tambaya shi ne, ta yaya aka tabbatar babu abin da ke raba ta? Ba a gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya ba, kuma ba za a taɓa iyawa ba. Lambobin da za a gwada sun kai masu alƙaluma miliyan 20, alhali ƙwayoyin zarra na duk sararin samaniyar da ake iya hangowa, in an ƙiyasta su, adadinsu bai wuce lamba mai alƙaluma 80 da ɗoriya ba. Amsar wannan tambaya ita ce tarihin da za mu waiwaya.

Goro 12 yana rabuwa daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Goro 13 kuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe, ko a samo mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Irin wannan lamba masana lissafi ke kira firam, mu kuma za mu ce mata gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka har illa masha Allahu. A cikinsu 2 ce kaɗai cika, sauran duk mara ne. Kowace lamba kuma, in ba gagara-rabo ba ce, to daga su aka ninko ta, kuma ta hanya ɗaya tak: 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, babu wata hanya. Malaman rabon gado sun san halinsu sarai, domin idan asalin mas'ala 12 ya yi auli ya koma 13 ko 17, ko kuma adadin magada ya yi tabayuni da rabonsu, da wannan ƙin rabuwa suke fama.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a birnin Iskandariyya na Masar, Yuklid ya rubuta littafinsa na tushen lissafi mai juzu'i 13. A juzu'i na tara ya kawo hujjar da har yau ba ta tsufa ba, cewa waɗannan lambobi ba su da iyaka. Ka ce ka tattaro su duka. To ninka su da juna, ka ƙara 1. Duk wadda ka ɗauko daga jerinka ka raba sabuwar lambar da ita, sai 1 ya yi saura. Ke nan ko dai sabuwar ita kanta gagara-rabo ce, ko kuma akwai wata da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinka. Ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ka ƙara 1, za ka sami 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, kuma dukansu biyu ba sa cikin waɗanda ka fara da su. Saboda haka babu gagara-rabo mafi girma. Akwai dai mafi girma da aka sani.

A wannan juzu'in ne kuma Yuklid ya buɗe ƙofar da mafarauta ke bi har gobe. Girkawa suna sha'awar lambar da suke kira kammalalliya, wato wadda in an tara ƙananan lambobin da ke raba ta sai su ba da ita kanta: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuma ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid ya ce a fara da 1 a yi ta ruɓanyawa ana tarawa. Duk inda jimlar ta zama gagara-rabo, a ninka ta da lambar ƙarshe, za a sami kammalalliya. 1 da 2 da 4 sun ba da 7, sau 4 ya zama 28. A ci gaba har 16 jimla ta zama 31, sau 16 ya zama 496. Waɗannan jimloli, 3, 7, 15, 31, 63, 127, duk siffarsu ɗaya: a jera 2 guda kaza, a ninka su da juna, a ɗebe 1. Don taƙaitawa ana rubuta su da harafin M. M5 na nufin 2 guda biyar, wato 32, a ɗebe 1, saura 31. Lambar da aka gano a 2024 ita ce M136,279,841.

Eratostinis, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya bar hanyar da ake kira rariya: a rubuta lambobi a jere, a soke duk ninkin 2, sannan na 3, sannan na 5, abin da ya tsira shi ne ake nema. Ibnul Banna na Marrakish, wanda ya rasu a 1321, ya lura cewa ba sai an bi duka ba. In lamba ba ta kai 121 ba, wato 11 sau 11, gwajin 2, 3, 5 da 7 ya wadatar. A Bagadaza, Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya yi amfani da gagara-rabo wajen fitar da ƙa'idar lambobi masoya juna, irin su 220 da 284. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne Ibnul Haisam, wanda ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira wajen 1040. Ya san cewa in lamba gagara-rabo ce, aka ninka duk lambobin da ke ƙasa da ita aka ƙara 1, to za ta raba sakamakon daidai. A ɗauki 7: ninka 1 zuwa 6 ya ba da 720, da 1 ya zama 721, wato 7 sau 103. Turawa sun sake gano wannan a ƙarni na 18, suka sa masa sunan Wilson, Lagrange ya kafa hujjarsa a 1771. Wajen aiki hanyar ba ta da sauƙi, domin ninkin yana kumbura fiye da kima. Sai dai tana ɗauke da wani sabon tunani: ana iya tambayar lamba halinta ba tare da an bi masu raba ta ɗaya bayan ɗaya ba. Sai da aka yi fiye da shekara 800 kafin wannan tunani ya haifi kayan aiki.

A Turai an daɗe ana zaton duk M da adadin 2 ɗinta mara ne gagara-rabo ce, har 1536, lokacin da Hudalricus Regius ya nuna M11, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. A 1588 Pietro Cataldi na birnin Bolonya a Italiya ya tabbatar da M17 da M19, wato 131,071 da 524,287. Da ƙarfin tuwo ya yi aikin: don M19 kaɗai sai da ya gwada gagara-rabo 128, daga 2 har 719. Lambarsa ta riƙe kambu kusan shekara 200.

Harafin M ɗin ya samo asali ne daga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ke zaune a Faris, wanda ɗakinsa ya zama mahaɗar wasiƙun masanan zamaninsa. A 1644 ya buga cewa daga 2 zuwa 257, M tana zama gagara-rabo ne kawai a 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma ba shi da halin gwada manyan. An shafe shekara 300 ana bin diddigin wannan jeri, aka tarar da kurakurai biyar: 67 da 257 ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Duk da haka sunansa ne ya zauna, kuma a ganina ya cancanta, domin ya ba masana tambayar da ta tilasta musu ƙirƙiro dabaru.

Dabara ta farko ta fito daga abokin wasiƙarsa, Pierre de Fermat, lauya a Tulus. Dama an san cewa in adadin 2 ɗin da aka jera yana rabuwa, to M ma tana rabuwa: M4 ita ce 15, M6 ita ce 63. A 1640 Fermat ya ƙara da cewa in adadin gagara-rabo ne, to duk mai raba M tilas ya zama ninkin ruɓin wannan adadi, da ƙarin 1. Dubi masu raba M11: 23 ita ce 22 da 1, 89 ita ce 22 sau 4 da 1. Da wannan ya kama M23 a gwajin farko, domin 47 ta raba ta. Ya rage aikin gwaji ƙwarai. Amma shi ma Fermat ya yi tuntuɓe a wani jerin nasa, inda ya yi zaton 4,294,967,297 gagara-rabo ce, sai Leonhard Euler ya nuna a 1732 cewa 641 tana raba ta.

Euler ɗin ne ya ƙwace kambun Cataldi. A 1772, yana birnin Sen Fitasbag na Rasha, idanunsa sun riga sun kusa rufewa gaba ɗaya, ya tabbatar da M31, wato 2,147,483,647. Maimakon gwada gagara-rabo kusan 4,800, ya ƙara matse ƙa'idar Fermat har abin gwadawa ya koma 'yan ɗaruruwa. Shi ne kuma ya nuna cewa duk kammalalliyar lamba mai cika, ta hanyar Yuklid take fitowa, babu wata hanya. Wannan lamba ta Euler tana nan cikin kwamfutoci har yau, domin ita ce iyakar ƙidaya a tsarin da yawancin tsofaffin manhajoji ke amfani da shi. A 2014 sai da YouTube ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo, saboda wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya doshi wannan adadi. A 1811 wani masani Ba'ingile, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya yi yunƙurin wuce inda Euler ya tsaya, tunda abin ba shi da wani amfani. Da a ce ta hanyar rabawa kaɗai za a ci gaba, da maganarsa ta kusa zama gaskiya.

Édouard Lucas, malamin makarantar sakandare a Faransa, shi ne ya sauya tafiyar baki ɗaya. A 1876 ya tabbatar da M127, da hannu, ba na'ura:

170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727

Alƙaluma 39 ke nan. Gwajinta ta hanyar rabawa zai ci miliyoyin shekaru ko da mutum bai yi komai ba sai wannan. Lucas bai nemi mai raba ta ba. Ya gina wani jerin lambobi, ya nuna cewa M za ta raba wata takamaimiyar lamba a jerin ne kawai in ita kanta gagara-rabo ce. A 1930 Derrick Lehmer na Amurka ya gyara hanyar ta zama yadda ake amfani da ita yau, kuma sauƙinta abin al'ajabi ne. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a ɗebe 2. In sakamakon ya wuce M, a raba shi da M a riƙe saura kawai. A maimaita, sau adadin 2 ɗin da aka jera, ban da biyu. In an ƙare da sifili, gagara-rabo ce. In ba haka ba, tana rabuwa.

Mu gwada da M5, wato 31, zagaye uku ke nan. 4 sau 4 a ɗebe 2, 14. 14 sau 14 a ɗebe 2, 194, a raba da 31 saura 8. 8 sau 8 a ɗebe 2, 62, a raba da 31 saura sifili. Shi ke nan, 31 ta tsallake. In aka yi wa 2,047 zagaye tara, ana ƙarewa da 1,736, alamar tana rabuwa. Amma a lura, gwajin bai ce uffan game da 23 ko 89 ba. Kamar mai sayen tukunyar ƙasa ne da ya ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta, ya san a tsage take ko da idonsa bai ga tsagar ba.

Haka ya faru da M67. Tun 1876 Lucas ya san Mersenne ya yi kuskure a kanta, amma ba wanda ya san masu raba ta. Sai a 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya fito da su: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ana ba da labari cewa ya je gaban allo bai ce komai ba, ya fitar da M67 a gefe guda, ya yi ninkin a ɗaya gefen, suka yi daidai, ya koma ya zauna aka yi masa tafi. Shekara 27 ke tsakanin sanin cewa lamba tana rabuwa da sanin abin da ke raba ta. A riƙe wannan rata, domin za mu sake gamuwa da ita.

Giɓin da Mersenne ya bari kuwa, ba manyan farfesoshi ne suka cike shi ba. Ivan Pervushin, limamin coci a wani ƙauye na Rasha, ya gano M61 a 1883. R. E. Powers, ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa a Amurka, ya gano M89 a 1911 da M107 a 1914. Amma babu wadda ta kai ta Lucas, kuma ta riƙe kambu shekara 75. Har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu tsantsa.

A 1951 aka karya tarihin sau biyu, da farko da injin lissafi na tebur, sannan da kwamfutar jami'ar Kambirij. Amma ranar 30 ga Janairu, 1952, ita ce mafarin sabon zamani. Raphael Robinson ya rubuta gwajin Lucas da Lehmer wa wata kwamfuta mai suna SWAC a Los Anjalas, a dare ɗaya ta fito da M521 da M607. Kafin shekarar ta ƙare ta ƙara uku, har M2,281 mai alƙaluma 687. Akwai dalilin da ya sa wannan jinsi ya dace da na'ura. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙidaya, kuma a wannan tsari M ba komai ba ce illa jerin 1 zalla: 31 ita ce 11111. Raba lamba da irin wannan, wanda shi ne aiki mafi nauyi, sai ya koma yanka lambar gida biyu a tara. Shi ya sa kusan duk zakarun da suka biyo baya na gidan Mersenne ne. Ba don su ne kaɗai manya ba, sai don su ne ake da mabuɗinsu.

Daga nan aka shiga tsere. Jami'ar Ilinoi ta yi alfahari da M11,213 da Donald Gillies ya gano a 1963, har ta riƙa buga ta a hatimin wasiƙunta. A 1978 ɗaliban sakandare biyu a Kalifoniya, Laura Nickel da Landon Curt Noll, suka gano M21,701. Manyan kwamfutocin kamfanin Cray suka mamaye fagen har 1996, lokacin da George Woltman ya kafa shirin GIMPS: kowa ya sauke manhaja kyauta, a ba kwamfutarsa lamba ɗaya ta gwada a lokacin da ba ta aikin komai. Tun daga 1996 duk sabuwar zakara daga wannan gayya take fitowa. A 1999 aka haye alƙaluma miliyan ɗaya, a 2008 wata kwamfuta a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ta haye miliyan goma, aka karɓi kyautar dala 100,000. Zakarar 2017 a kwamfutar wani coci a jihar Tenesi aka same ta. Ta 2018 tana da alƙaluma 24,862,048.

Daga nan sai aka yi kusan shekara shida shiru, har Luke Durant, tsohon injiniyan kamfanin Nvidia, ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto a cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashe 17, ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa. Wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ayalan ce ta fara nuna alama ranar 11 ga Oktoba, 2024, washegari wata a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta tabbatar. Da me ta tabbatar? Da gwajin nan da muka yi wa 31. An fara da 4, aka yi zagaye 136,279,839, aka ƙare da sifili. Ita ce ta 52 da aka sani a gidan Mersenne, kuma bisa ƙa'idar Yuklid ta zo da kammalalliyarta mai alƙaluma 82,048,640.

Kada a ɗauka an san duk na ƙasa da ita. Ƙasa da 100 akwai gagara-rabo 25, ƙasa da 1,000 akwai 168, ƙasa da miliyan ɗaya akwai 78,498. Suna ƙara yin nisa da juna, bisa wata ƙa'ida da Carl Friedrich Gauss ya hango yana matashi, wadda Hadamard da de la Vallée Poussin suka tabbatar a 1896. Bisa ita, a yankin lambobi masu alƙaluma miliyan 41, kusan ɗaya cikin miliyan 94 ce gagara-rabo. Hakan na nufin tsakanin zakarar 2018 da ta 2024 akwai wasu bila adadin da ba wanda ya san su.

Sau da yawa za ka ji ana cewa waɗannan ƙattin lambobi ne ke tsare kuɗinmu a banki. Ba haka ba ne, kuma ya kamata a gyara. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977, yana amfani da gagara-rabo biyu na sirri, kowace mai alƙaluma wajen 300, a ninka su, a bayyana sakamakon. Tsaron yana kan ratar nan ta Lucas da Cole: samo gagara-rabo da tabbatar da ita abu ne mai sauƙi, warware ninki kuwa jan aiki ne. Wata lamba mai alƙaluma 129 da aka jefa wa duniya a matsayin ƙalubale a 1977, sai a 1994 mutum kusan 600 suka haɗa kwamfutocinsu suka warware ta. Lambar da duk duniya ta sani ba ta zama mabuɗin sirri. Amfanin farautar yana wani waje. Dabarun ninka dogayen lambobi da sauri sun inganta ta dalilinta. Manhajar Woltman ta zama abin gwada lafiyar sabuwar kwamfuta, har ta tono wani aibi a wani samfurin Intel a 2016. Kafin nan, a 1994, Thomas Nicely yana lissafi kan gagara-rabo tagwaye, irin 11 da 13, ya gano kuskuren rabawa a samfurin Pentium na Intel, abin da ya ci wa kamfanin dala miliyan 475.

In aka tambaye ni, alƙaluma 39 na Lucas sun fi miliyan 41 na Durant nauyi. Ba raina aikin Durant nake yi ba, amma abin da ya ƙara shi ne kuɗi da na'ura, hujjar kuwa ta 1876 da 1930 ce. Tambayoyin da na'ura ba ta iya amsawa suna nan daram. Babu wanda ya kafa hujjar cewa gagara-rabo na gidan Mersenne ba su da iyaka. Babu wanda ya samo kammalalliyar lamba mara, ko ya nuna babu ita, tun zamanin Girkawa. Kyautar dala 150,000 kuma tana jiran wanda ya fara kawo gagara-rabo mai alƙaluma miliyan 100.

Malaman lissafi na makarantunmu, wannan darasi ba ya buƙatar lantarki. Mai karatu ma ya ɗauki biro da takarda ya gwada M7, wato 127. Ya fara da 4, ya yi zagaye biyar. In bai yi kuskure ba zai bi ta 14, 67, 42 da 111, ya ƙare da sifili.